Waƙa Ta Huɗu Ta Ɓace

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe Zion, injiniyan sauti na studiyo, ya yaye ƙyallen da ya rufe na'urar tef da shi, ya sunkuya ya duba faifan da tef ɗin ke naɗe a kai ta gefe. Tsakanin kowace waƙa da mai bi mata akwai farin zirin roba, kuma idan tef yana naɗe ana ganin zirin nan kamar zobba. Ya ƙirga, ya goge tabarau, ya sake ƙirgawa. Jiya waƙa bakwai ya kwantar a kan na'urar, yau shida ya tarar.

Kafin ƙarfe goma an kira Malam Almu, ya iso da hularsa a karkace da kofin shayi a hannu. Studiyon yana saman wani tsohon sito ne a titin Old Kent Road na Landan, coci a ƙasansa, gidan abinci a gefensa. Nan ne ofishin Gada Biyu Records, ɗan kamfanin da Hephzibah ta kafa don tono tsofaffin faya-fayen rock na shekarun saba'in, irin waɗanda jita ke kuka a cikinsu ogan yana gurnani, a gyara sautinsu a sake buga su ga masu so. Masu son kuwa suna da yawa, daga Tokyo har Berlin, kuma abin da ya fi ɓacewa shi suka fi nema.

Aikin Almu shi ne nemo ɓatattun. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne a dajin Funtua, shi kuma bas ya tuƙa a Landan shekara ashirin kafin ya gane cewa gadon bai bar shi ba. In aka ba shi sunan wani mai ganga da aka yi wa ganin ƙarshe a Kaduna a 1977, zai dawo da lambar wayar jikarsa. Bai taɓa ɓoye cewa ya iya ba, kuma gaskiya ya iya ɗin. Wannan tef ɗin ma shekara uku ya yi yana binsa kafin ya same shi a ƙasan wata adaka a Bukuru. Shi ne tef na asali, uwar faifai ɗaya tilo da ƙungiyar Kuza Riders ta yi a Jos a 1974, wanda aka buga kwafi ɗari uku, yau babu wanda ya san inda ko guda yake.

Hephzibah tana tsaye jikin taga, idanunta sun yi ja. Haihuwar Landan ce, tana jin Hausa sarai amma da ƙyar take mayar da ita.

"Uncle Almu, it's track four," ta ce. "Waƙar Mama."

Almu ya ajiye kofin. Mahaifin Hephzibah, Baba Mordecai, shi ne shugaban Kuza Riders, kuma waƙa ta huɗu ya rubuta ta ne wa Nanret, budurwarsa a lokacin, wadda ta zama matarsa, ta rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Sunanta ne a jikin kwalin tef ɗin a matsayin wadda ta rera. Ranar Litinin za a yi wa Baba Mordecai aikin zuciya, likitoci kuma ba su yi wa kowa alkawari ba. Almu ne ya riƙe hannun tsohon ya ce masa zai ji wannan waƙa kafin ya shiga asibiti.

"An riga an kwafe shi a kwamfuta?" ya tambayi Zion.

"Da an kwafe ai da ban kira ka ba," Zion ya ce a fusace. "Tsohon tef danƙo yake yi. Sai an gasa shi a oven awa takwas, a bar shi ya huce kwana guda kafin a kunna. Jiya da safe na fito da shi, yau ne zan yi transfer. Kuma wannan ba zai ɗauki gashi na biyu ba. In guntun da aka yanke ya kwana biyu a aljihun wani yana cukuikuyewa, shi ke nan."

Ƙofa ba a ɓalle ta ba, ba a kuma buƙatar ɓallewa. Jiya Juma'a da rana an yi ɗan taro, mutanen Filato na Catford da na Abbey Wood wajen ashirin suka zo ganin tef ɗin da ido kamar an haifi jariri. Ƙarfe huɗu aka sauka gidan abincin gefe, aka bar studiyo a buɗe awa ɗaya da rabi. Da aka dawo Zion bai yaye ƙyallen ba, ya kulle ya tafi gida.

Wayar Hephzibah ta yi ta ƙara. A group ɗin 'yan Filato an riga an yanke hukunci, wai Zion ne, tunda shi ke da makulli kuma shi ya iya yanka tef. Wata ma ta rubuta cewa tun ranar da ta ga kitson da ke kansa hankalinta bai kwanta ba. Almu ya karanta, ya mayar da wayar.

"Kada ki kira 'yan sanda," ya ce. "Za su ba ki lamba su ce za su yi ringing ranar Laraba. Ki ba ni zuwa gobe bayan an taso daga coci."

Shagon Abdul-Karim yana gaba kaɗan a kan titin, tsakanin mai aski da mai sayar da busasshen kifi. Mutumin zangon Kumasi ne, dillalin tsofaffin faya-faye, kuma sau biyu yana zuwa wajen Hephzibah yana cewa wani ɗan Japan na son tef ɗin. Almu ya same shi yana goge wani faifai da auduga.

"Na san abin da ya kawo ka," Abdul-Karim ya ce, bai ɗago ba. "Kowa ya ce Abdul-Karim, Abdul-Karim. Malam, kai ka san wannan kasuwa. Mutanena suna son abu complete, da kwali, da rubutun hannu. Tef da aka yanka, darajarsa ya mutu. In ni ne ɓarawo, duka zan ɗauka in sa a jaka in hau bas."

"Ina ka zauna jiya daga huɗu zuwa biyar da rabi?"

"Gaban tuwo. Tambayi matar gidan abinci, shi zai gaya maka. Faranti uku."

Almu ya riga ya tambaye ta a hanya, ta ce huɗu ne, har da wanda ya ce a ƙunsa masa. Ya zauna a kan wani akwatin faya-faye ya ce, "To wa ka ga ya tashi daga tebur?"

Abdul-Karim ya yi tunani. Ya ce Hajiya Shetu, aminiyar marigayiya Nanret, ba ta sauko da wuri ba, ta tsaya sallar la'asar a sama saboda gwiwoyinta ba sa son hawa da sauka. Ban da ita, Dokas ya tashi ana tsakiyar ci, ya ce ya manta hularsa, kuma ya daɗe bai dawo ba.

"Kuma kai ma ka ji abin da ya faɗa a taro," Abdul-Karim ya ce. "Ya ce waƙa na huɗu ba zai fita ba sai da sunansa."

Almu ya ji, kowa ma ya ji. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya nufi tashar bas.

Dokas shi ne mai kaɗa ogan a Kuza Riders, kuma shekara hamsin ke nan yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ƙirƙiri kiɗan waƙa ta huɗu, Mordecai kalmomi kawai ya ɗora. Yana zaune shi kaɗai a wani flat na council, gidan haya na hukuma, a Catford, hawa na uku, lif ɗin ya lalace. Ya buɗe ƙofa ya ga Almu, ya juya ciki ba tare da ya amsa sallama ba.

"An aiko ka ka kama ni?"

"Baba Dokas, ni shayi na zo sha."

Tsohon ya shiga kicin. Almu ya zauna inda zai iya hango shi. Ya ga yadda ya ɗauki butar da hannu biyu, ya ga ruwan zafi yana zuba a gefen kofi, ya ji cokali yana ta kaɗawa a jikin tangaran tun kafin a fara motsa sukari. Da Dokas ya kawo shayin, kusan rabinsa yana cikin faranti.

"Na koma sama, ban musa ba," Dokas ya ce da ya zauna. "Ba hula na je nema ba. Na je in ga abin ne ni kaɗai, babu surutu. Na ɗaga ƙyallen, na duba, na mayar. Ka san shekara nawa rabona da jin hannuna a kan ogan? Na tsaya a wurin ina hawaye kamar yaro. In wannan laifi ne, rubuta."

"Akwai kowa a ɗakin?"

"Shetu tana kusurwa a kan darduma da carbi. Ban dame ta ba."

"Ka ce waƙar ba za ta fita ba sai da sunanka."

"Na ce, kuma zan sake cewa. Amma in na lalata ta, sunana zai fita a kan me?" Ya ɗaga hannuwansa biyu suna rawa a iska. "Ko maɓallin riga sai maƙwabciyata ta sa min. Da waɗannan zan riƙe reza?"

Almu ya sha shayin duk da ya huce. Tausayin tsohon ya kama shi, ya kuma ji haushin 'yan group ɗin nan da ba su iya komai ba sai danna waya. Ya yi godiya ya fito. Mutum biyu sun fita daga lissafinsa, kuma bai taɓa sa Zion a ciki da gaske ba, domin wanda zai kwana da tef shi kaɗai yau ya kwafi abin da yake so ba ya buƙatar reza.

Da la'asar ya koma studiyo. Zion yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, ya kashe wayarsa.

"Tashi ka nuna min inda aka yanka," Almu ya ce. "Da hannu za ka juya, a hankali."

Zion ya sa safar hannu, ya riƙa warware tef ɗin da yatsa ɗaya har suka iso mahaɗar. Almu ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihun jaket. An yanka tef ɗin a karkace, yanka ɗaya mai tsabta, aka haɗa bakin biyu da salatif na musamman da ake wannan aiki da shi. Salatif ɗin ɗan mitsitsi ne, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.

"Haka kake haɗawa?"

"Ni? A'a. Nawa yakan ninka wannan sau biyu. Haka aka koya mana, haka yake a kowane littafi." Zion ya matso, ya manta da fushinsa. "Amma dubi yadda ya zauna. Ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Whoever did this is better than me."

Almu ya bi gefen na'urar da ido, sannan da yatsa. A ƙarƙashin leɓen ƙarfen, inda ba a gani sai an sunkuya, ya taɓa wani abu. Guntun salatif ne sabo, daidai girman wanda ke jikin tef, an manna gefensa ɗaya an bar ɗayan yana lilo. Ya dubi tebur, ga naɗin salatif cike, ko kashi ɗaya cikin goma ba a ci ba.

"Mutum ya shigo sata, yana sauri, ga salatif kamar ya yi magana," ya ce, "amma ya yanko ma'auni ɗaya ya raba shi biyu, ya yi aiki da rabi, ya adana rabi don gaba. Wane gaba? Wannan hannu a wurin da babu kaya ya koyi aiki. Ci gaba da juyawa, ina so in ga tsofaffin mahaɗan. Ka taɓa su?"

"Ban taɓa ko ɗaya ba."

Suka iso mahaɗar farin ziri na waƙa ta biyar, wadda aka yi a 1974. Salatif ɗin ya yi rawaya don tsufa, amma girmansa ɗaya da sabon, karkatar yankan ma ɗaya. Ta shida ma haka. Almu ya miƙe, ƙugunsa ya yi ƙara, ya yi murmushi irin wanda ke ba matarsa haushi.

"Wanda ya haɗa tef ɗin nan a Jos shi ya yanka shi jiya a Old Kent Road. Akwai abin da ya ɓace ban da waƙar?"

Zion ya duba kanta, ya ce ƙaramin faifan roba ɗaya babu, irin wanda ake naɗe guntun tef a kai. Almu ya ji sanyi a ransa, domin wanda ya tsaya ya naɗe abu da kyau ba shi da niyyar jefa shi a kwandon shara. Ya kira Dokas a waya ya tambaye shi a ina suka ɗauki faifan, kuma wa ya zauna a kan na'ura.

"A gidan rediyo, ranar Lahadi da babu manya," Dokas ya ce. "Wata ma'aikaciya ce ta buɗe mana ta baya. Kai ba ka sani ba? Ai kowa ya sani." Ya faɗi sunan.

Almu ya sa shi ya maimaita. Sannan ya kashe wayar ya ce wa Zion ya nemo wani tef na banza da ba a so, gobe akwai ɗan wasan da za su yi.

Ranar Lahadi ƙarfe biyu, ganguna sun yi shiru a cocin ƙasa, mutum bakwai suka hallara a studiyo. Baba Mordecai ya hau matakalar da taimakon 'yarsa, yana hutawa a kowane hawa biyar, aka ba shi kujera mai laushi. Dokas ya zauna nesa da shi. Abdul-Karim ya tsaya bakin ƙofa don a ga ba ya tsoron komai. Hajiya Shetu ta zo daga Abbey Wood a jirgin ƙasa na Elizabeth line, 'yar shekara saba'in da ɗaya, farin mayafi, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Shekara talatin ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare, kuma abin da yawancin mutanen Landan suka sani game da ita ke nan.

"Ba zan ɓata muku lokaci ba," Almu ya ce. "Abdul-Karim yana cin tuwo, akwai shaida. Baba Dokas ba zai iya ba ko da ya so. Saura Zion, wanda aka riga aka rataye a waya. Zan sa ya yanka tef ya haɗa a gabanku, kowa ya ga hannunsa."

Zion ya ɗora tef ɗin banzan a kan katakon yanka, ya sa reza. Kamar yadda aka shirya, ya jawo salatif mai tsawon yatsa, ya manna a karkace, ya ɓare, ya dunƙule ya jefar, ya sake jawo wani wanda ya fi na farko tsawo. Almu bai kalle shi ba, Hajiya yake kallo. Ta kau da kai. Ta dawo da shi. Yatsunta suka fara motsi a kan jaka. Da Zion ya jefar da na uku, ta kasa daurewa.

"Kai ɗan nan, wannan ai ɓarna ce. Rabin rabin wannan ya isa. Kuma ba a danna shi da tsokar yatsa, da bayan farce ake bi."

Kowa ya juyo ya dube ta. Hajiya ta ji abin da ta faɗa, ta rufe ido.

"Hajiya," Almu ya ce a hankali, ya rage tsawo a gabanta, "kin bar rabin a ƙarƙashin na'ura."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Naɗi ɗaya ake ba mu a wata uku. In ya ƙare, shugaban sashe ya ce ka haɗa da yawunka. Shekara arba'in da biyar rabona da reza, ashe hannu bai manta ba." Ta buɗe jakar, ta ciro gwangwanin alewa, ta buɗe. Ƙaramin faifan yana ciki a kan auduga, tef ɗin a naɗe sumul. Zion ya karɓa kamar an miƙa masa ƙwai.

"Aunty, why?" Hephzibah ta ce. "Ke ce kika yi wa Mama wankan gawa. You know what this means to Dad."

"Saboda na sani ne." Hajiya ta dubi Mordecai, sannan ta dubi ƙasa. "Na yi rantsuwa, yau zan karya, Allah ya yafe min. Kun ɗauki kiɗa ranar Lahadi. Ranar Litinin kana aiki a wurin haƙar ma'adinai, Nanret ta zo ita kaɗai ta ɗora murya. Ta gwada, ta gwada, waƙar ta fi ƙarfinta. Ta ce in yi. Na yi. Muryar da ke waƙa ta huɗu tawa ce, Mordecai, ba tata ba. Wanda na aika Legas aka buga faifai da shi kwafi ne, na share maganarmu daga ciki. Wannan kuwa uwar ce, na ɗauka an goge ta tuntuni, don haka ake yi a gidan rediyo. Da na ga kwalin da rubutuna ranar Juma'a, na gane ita ce. Maganar tana nan a farkon waƙar. Ba dama in kunna in ji inda ta ƙare, sai na cire daga ziri zuwa ziri. Na ce gara ka shiga asibiti kana zagin ɓarawo da ka shiga kana cewa matarka ta yi maka ƙarya."

Hephzibah ta zauna a kan akwati. Ta girma tana jin waƙar nan a wani tsohon kaset har ya tsinke, kuma saboda ita ta kafa kamfanin. Almu ya dube ta. Ya cika alkawari, amma ya fara tunanin ko ya kamata ya je Abbey Wood shi kaɗai jiya, maimakon ya tara mutane don a ga gwanintarsa.

Baba Mordecai kuwa kafaɗunsa ne suka fara girgiza. Da farko aka ɗauka kuka ne.

"Shetu," ya ce, yana share ido, "shekara talatin da biyar ina tsaye kusa da matar nan a coci. Kin ɗauka kurma ne ni? Tun ranar da faifan ya iso daga Legas na sani. Ta zo tana kallon fuskata tana jira, na ce mata, kin yi ƙoƙari. Me zan ce? Nanret ta iya komai a duniya ban da waƙa."

"Ni ma na yi mamaki a lokacin," Dokas ya ce daga kusurwarsa. Ba wanda ya kula shi.

"Dad, you knew?"

"Na sani. Na so in ji waƙar ne don ita na rubuta wa, ba don tana ciki ba. Ba mu da muryarta ko ɗaya, ke ma kin sani, ko a bidiyon biki guduwa take yi." Sai ya tsaya. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya dafa hannun kujera ya matso gaba. "Dakata. Kin ce maganarku tana farkon waƙar. Maganar wa?"

"Tata," Hajiya ta ce. "Yawanci tata ce."

Zion ya kai hannu ga reza, Almu ya riƙe masa wuyan hannu, ya nuna Hajiya da haɓa. Ta miƙe da gwiwoyinta masu ciwo, ta naɗe hannun riga, ta wanke hannu a famfo. Cikin minti shida ta mayar da waƙar mazauninta. Ta sunkuya ta ɓaro rabin salatif ɗin da ta adana ta yi mahaɗar farko da shi. Zion ya kunna kwamfuta, ya kai tef ɗin bakin waƙa ta huɗu, ya danna.

Aka ji shuuu na tsohon tef, aka ji an ja kujera. Sai wata budurwa ta fashe da dariya, dariya mai yawa har tana shaƙewa.

"Shetu, kashe abin nan mana. Sau tara fa ke nan. Muryata ta ƙi hawa, kamar akuya a kan dutse. Zo ki yi, don Allah. Mutumin nan ya zauna ya rubuta min waƙa, ba zan bari a yi masa dariya a garin Jos ba. Amma ki rantse ba za ki gaya masa ba. Rantse. In na ga dama ni zan gaya masa da kaina, in mun tsufa."

Jita ta shigo da kuka, ogan ɗin Dokas ya biyo baya, sannan wata murya siririya mai kaifi ta ɗauki waƙar ta haye da ita sama. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Hephzibah tana durƙushe a gefen kujerar mahaifinta, ta kifa kai a gwiwarsa. Aka bar waƙar ta kai ƙarshe, domin Zion ya ce ba a tsayar da tsohon tef a tsakiya.

"Ya shiga kwamfuta," Zion ya ce. "Duka, lafiya lau. Baba, in sake sa maka waƙar?"

"Waƙar ku buga wa mutanen Japan. Ku sa sunan Shetu in ta yarda, ku sa na Dokas ma, kiɗan nasa ne, ya huta." Mordecai ya jingina, ya ɗora hannu a kan 'yarsa. "Ni ka mayar min da farkon. Daga inda ta yi dariya."